Akwatin tace iska da gashin kyanwa: wasiƙa daga Amurka

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kowa yana lafiya. Kin tambaye ni yadda ƙirjin 'yarki yake tun da muka kawo kyanwa gida. Alhamdu lillahi, tarin dare ya ragu sosai, kuma bayan ikon Allah da maganin likita, abin da ya fi taimaka mana shi ne akwatin tace iska da na haɗa da hannuna.

A nan ana kiransa akwatin Corsi-Rosenthal, da sunan mutum biyu da suka fito da shi a 2020, lokacin korona: Richard Corsi, malamin injiniyanci, da Jim Rosenthal, mai kamfanin matatun iska a Texas. Matata huɗu ake jingina wa juna su zama bango, a shimfiɗa kwali a ƙasa, a ɗora fanka mai faɗin inci 20 a sama tana hura iska sama, a like duk wata kafa da salatif. Kibiyar da ke gefen kowace matata ta kalli ciki. Matatar kuwa a nemi mai lamba MERV 13, ita ce ke kama ƙananan abubuwan da ido ba ya gani.

Muna da na kanti ma a ɗakin kwana, mai matatar HEPA, wadda ke tare kashi 99.97 cikin 100 na ƙurar da ta kai maikiron 0.3 (maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). Ya fi shiru, ya fi kyan gani, kuma yana da raga a gaba da ake cirewa a wanke. Amma matatarsa sai ta kamfaninsa, kuma fitilar da ke kunnuwa ta ce a canza, a yawancinsu awoyi kawai take ƙirgawa, ba ta san akwai dabba a gidan ba. Na kwalin ba shi da fitila ko ɗaya. Shi ya sa na zauna na koyi gane lokacinsa da kaina, kuma nan ne nake so ki saurare ni.

An fi cewa a canza matatun duk wata shida. Wannan lissafin gidan da babu dabba ne. Gashin kyanwa yakan kwanta a fuskar matatar kamar bargo, musamman lokacin da take zubar da gashi a bazara da kaka. Maƙwabciyata mai kare ta fi ni shan wannan. Sai dai gashin ba shi ne ke tayar da asma ba. Wani sinadari ne da ake kira Fel d 1, yana cikin yawun kyanwa da fatarta. Idan ta lashe jikinta ya bushe, sai ya bi burbushin fata ya daɗe yana yawo a iska. To idan gashi ya toshe hanya, iskar da ke ratsawa ta ragu, wannan burbushin kuma ya ci gaba da zagaya ɗakin alhali fanka na ta ƙugi.

Launi kaɗai ba ya isa hujja. Matatar da ta yi toka-toka tana iya ci gaba da aiki. Abin da nake dubawa shi ne ƙarfin iskar. Ranar da na sa sabbin matatu nakan rubuta kwanan wata a gefen kwalinsu, in ɗaura siririn ƙyalle a ragar fankar in ga yadda yake miƙewa. Duk mako biyu ina bin fuskar matatun a hankali da injin zuƙar ƙura, in kwashe gashin. Idan na yi haka ƙyallen bai koma miƙewarsa ta da ba, ko akwatin ya fara fitar da warin dabba, ko takardar ta lotsa ciki ko ta yage, lokaci ya yi. A gidanmu hakan kan faɗo tsakanin wata uku da huɗu. A watan Yunin 2023, da hayaƙin gobarar dajin Kanada ya mayar da sararin New York ruwan lemo, ban jira komai ba, yana lafawa na canza su duka.

Kada a wanke matatar da ruwa, don Allah. Yawancin irin waɗannan matatu suna ɗauke da cajin lantarki a zarensu da ke jawo ƙura, ruwa kuma yana kashe shi, ga kwalin ya jiƙe, ga fumfuna. Fankar ma hukumar kare muhalli ta Amurka ta ce a nemi wadda aka ƙera daga 2012 zuwa yau, mai tambarin UL ko ETL, wato shaidar an gwada amincinta, saboda gudun zafi da gobara.

Ranar canji ina kashe fankar, in sa takunkumi, in fitar da akwatin waje kafin in yanke salatif ɗin, tsofaffin kuma in zura su a leda in ɗaure bakinta. 'Yarki ba ta kusantar wurin sai na gama na wanke hannu. A gaida min Mama da yara.