Gyaran kan babur ɗina na tirayal bayan faɗuwa a kan dutse

Shekara biyu ke nan ina hawa babur ɗin tirayal a yankin Kataloniya na ƙasar Sifaniya, inda nake aiki kusa da garin Vic. Wasa ne na hawa duwatsu da ramuka a hankali ba tare da ƙafa ta taɓa ƙasa ba. Babur ɗin ba shi da wurin zama, a tsaye ake tuƙa shi, nauyinsa wajen kilo 70. A wannan yanki wasan kamar gado ne: a Barselona aka kafa kamfanin babura na Montesa a 1944, kuma Toni Bou, wanda ya fara cin kofin duniya na tirayal a 2007, ɗan garin Piera ne.

Wata Lahadi ina saukowa daga wani dutse mai gansakuka, tayar gaba ta zame, kan babur ya murɗe hagu da ƙarfi, na ji ƙas! Ni dai gwiwa kawai na kurje, alhamdu lillahi. Da na ɗaga shi sai na ga kan yana juyawa har shokazoba tana dukan firam.

Na kai shi wani ƙaramin gareji na wani dattijo da ba ya gyaran komai sai irin waɗannan babura. Ya ɗora shi a kan akwati, taya na lilo, ya juya kan a hankali da yatsa ɗaya. A tsakiya ya ɗan maƙale. Ya ce boris ɗin wuya ya yi rami. Sai ya haska fitila a ƙarƙashin maƙallin da ke riƙe ƙafafun shokazoba biyu, ya nuna mini ɗan haƙorin da ke tsayar da kai idan ya kai maƙura. Haƙorin ya ɓalle, wurin ya yi fari fat kamar an karya rogo, ga wata siririyar tsaga tana bi zuwa ramin noti. Sandar riƙo ma ta lanƙwasa kaɗan ta dama.

Na ce, "Baba, a yi walda mana, sandar kuma a miƙe ta da bututu." Haka na saba gani a gida, inda ake matse taya tsakanin cinyoyi a murɗo kai ya dawo daidai. Ya ƙi. Ya ce wancan ƙarfe ne, wannan alminiyam ne: idan ya lanƙwasa aka mayar da shi, ya riga ya raunana, zafin walda kuma yana rage masa ƙwari, ranar da zai karye ba zai yi sallama ba. Raina ya ɗan sosu a lokacin, amma ganin tsagar da idona ya kashe mini baki.

Ya canza maƙallin ƙasa da boris biyu da sanda, ya cika giris, ya ɗaure notuna da sifana mai auna ƙarfi. Ya kuma sake bi da igiyar totur, don kada inji ya ɗau wuta idan an juya kai gaba ɗaya.

Ƙorafina jira ne. Ya ce kwana huɗu, aka yi goma sha ɗaya kafin kaya su iso, kuma bai taɓa kirana ba sai ni na kira. Kuɗin ma ya ci kusan albashin mako guda.

Wata uku ke nan ina hawa. Kan yana juyawa sumul daga maƙura zuwa maƙura, ba ƙara idan na kama birkin gaba. Makon gobe zan mayar masa ya duba ko boris ɗin ya saki.