Azaliya ko kariya, wacce za ta iya zama a falonki?

Hajiya, kin ce kin ga azaliya a gidan ƙanwarki a Ingila ta shiga ranki, sai wani mai sayar da furanni a Kano ya nuna miki kariya ya ce ai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Furen ne kawai ya ɗan yi kama, amma a hali sun yi hannun riga.

Azaliyar da ake ajiyewa a ɗaki, wadda masana ke kira Rhododendron simsii, asalinta daga ƙasar Sin ne, kuma manoman yankin Gent a Beljiyam ne suka yi suna wajen rainonta a tukunya. 'Yar sanyi ce. Tana jin daɗi tsakanin digiri 10 zuwa 18, ke kuwa kin san a watan Afrilu zafin Kano yakan kai 40. Ko kin kunna na'urar sanyaya ɗaki, iskarta busasshiya ce, ƙunshin furen zai kaɗe tun bai buɗe ba, balle a ɗauke wuta da rana tsaka. Kariya kuwa tamu ce, a dajin Sahel take fitowa ba wanda ya ba ta ruwa. Sai dai ba ta son ɗaki. Idan ba ta sha rana ta kai awa 6 a yini ba, za ta yi ta miƙewa siririya babu fure.

Wajen ban ruwa ne mutane suka fi kashe su. Saiwar azaliya kamar gashi take, kuma ba ta nitsewa can ƙasa, yini ɗaya ƙasarta ta bushe ƙamas sai ki ga ganye ya langaɓe. Idan hakan ta faru, ki tsoma tukunyar gaba ɗaya a bokiti har kumfa ta daina tasowa, sannan ki ɗaga ta tsane. Kuma ba kowane ruwa take sha ba, ta fi son ruwan sama. Ƙasa mai tsami take so, wadda awon tsaminta, wato pH, yake tsakanin 4.5 zuwa 6, don haka ruwan rijiya ko na burtsatse mai gishiri-gishiri yakan hana ta jan sinadarin ƙarfe, ganyen ya koma rawaya jijiyoyinsa na nan kore. Tokar murhu da ɓawon ƙwai da muka saba zuba wa shuka, a wurinta cuta ce. Ita kariya wannan ƙaton gindin nata tulu ne, ruwa ta tara a ciki. Ki sa mata yashi da tsakuwa, tukunya mai huji, ki bari ƙasar ta bushe sarai kafin ki ƙara. Wanda ya yi mata ban ruwa irin na azaliya, gindin zai ruɓe ya yi laushi. Da hunturu tana zubar da ganye, kada ki ce ta mutu.

Abu ɗaya ya haɗa su, kuma don Allah ki riƙe shi: dukansu guba ne. Ganyen azaliya na kashe akuya da tunkiya, ruwan jikin kariya kuwa har dafin kibiya maharba suka yi da shi, yana taɓa zuciya. Ki ɗaga su daga inda yara da kyanwa ke kaiwa, ki wanke hannu bayan kin yi musu aski.

Da ni ce a Kano, kariya zan saya in ajiye a baranda, idan ta yi fure in shigo da ita falo na kwana biyu ko uku in mayar. Idan zuciyarki ta nace sai azaliya, ki nema a Disamba mai ƙunshin fure da yawa, ki ajiye ta kusa da tagar gabas bayan labule, tukunyar a kan faranti mai tsakuwa da ɗan ruwa. Za ta yi miki 'yan makonni tana fure. Kafin zafin Maris ya shigo, in kina da 'yar uwa a Jos ki aika mata.