Kafin ka biya kuɗin shafin intanet na kasuwancinka

Ƙanwata da ke sayar da turaren wuta da humra a unguwar Rikkos ta Jos ta turo min wani samfurin shafi makon jiya. "Yaya, don Allah duba min, mai zanen ya ce irinsa ake yayi yanzu." Na buɗe ina tsaye a Terminus. Bidiyo ya cika fuskar wayar, hayaƙi na tashi a hankali, bango baƙi, rubutu ruwan zinariya. Kyau kam akwai shi. Amma sabis na rawa, sai da na ƙirga ashirin kafin farashin kwalba ɗaya ya fito. Mai saye da ke lallaɓa ragowar datarsa ba zai tsaya ba.

Shi ya sa nake cewa a ajiye maganar ado tukuna, a fara da tambayoyi biyu: yaya shafin ke buɗewa a ƙaramar waya, kuma mabuɗinsa a hannun wa yake?

Hanya mafi araha ita ce tsayawa a Instagram da WhatsApp Business, wadda ta fito a 2018 kuma tana ba ka damar jera kaya da farashinsu kyauta. Ga mai fara sana'a, wannan ya isa. Sai dai gonar aro ce. A ranar 4 ga Oktoba 2021, Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke na kusan awa shida a duk duniya. A nan gida kuma an rufe Twitter daga Yunin 2021 har Janairun 2022. Wanda duk kwastomominsa ke wuri ɗaya, ranar da aka rufe ƙofa sai dai ya zuba ido.

Sai dandamalin haɗa shafi da kanka, irin su Wix da Shopify. Kana zaɓar ƙira, ka sa hotunanka, cikin yini ɗaya ka gama ba tare da ka san komai a harkar kwamfuta mai zurfi ba. Shopify na ƙasar Kanada ya fi dacewa da mai kaya iri-iri da yawa, kuma ana iya haɗa shi da Paystack, wato kamfanin karɓar kuɗi ta intanet. Matsalar ita ce kuɗin wata-wata da dala ake lissafa shi, kuma kowa ya ga yadda naira ta faɗi tun da aka sake ta a Yunin 2023. Wix kuma ba ya barin ka kwashe shafinka ɗungurungum ka kai wani masauki, wato wani kamfanin da ke ajiye shafuka a intanet. Idan za ka tashi, sabon gini za ka fara.

Ni dai WordPress nake nuna wa yawancin 'yan kasuwarmu. Tun 2003 yake, manhajar kyauta ce, kuma fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya a kansa suke. Abin da za ka biya shi ne sunan shafi da masaukinsa, kuma akwai kamfanonin Najeriya da ke karɓar naira. Ka ɗora WooCommerce, manhajar da ke mayar da shafin shago, ka haɗa Paystack ko Flutterwave, mai saye a Abuja ya biya da kati ko taransfa, kai kuma ka sa masa kaya a mota. Amma yana son kulawa kamar injin markaɗe. Idan aka bar shi watanni ba a sabunta shi ba, masu kutse na samun kafa, kuma yawan cusa masa ƙananan manhajoji na ado shi ke mayar da shi mai nauyi.

Ginawa daga tushe a hannun ƙwararre kuwa, na makaranta ne ko otal ko asibiti masu buƙata ta musamman. Mai shago ɗaya bai kai nan ba.

Ko wacce ka zaɓa, sunan shafin ya zama da sunanka da imel ɗinka aka yi rajistarsa. Hukumar NiRA ce ke kula da adireshin .ng, kuma .com.ng ya fi sauƙin kuɗi. Wannan abin ya taɓa cin wani ɗan'uwana mai sayar da dankalin turawa da kabeji a Farin Gada: wanda ya zana masa shafi ya yi rajista da imel ɗin kansa, shekara ta zagayo, ba a same shi a waya ba, adireshin ya mutu alhali an buga shi a jikin buhuna da katuna. Har yau abin na ci min rai, domin da ya tambayi da imel ɗin wa aka yi rajistar, da hakan bai faru ba.

Akwai abin da masu zane da yawa ke mantawa, wato haruffanmu masu lanƙwasa. Salon rubutu na ƙawa da yawa ba su da ƙ, ɗ da ɓ, sai ka ga harafin ya fito a karkace da wata siffa daban, ko akwati ya maye gurbinsa. Ka ce a rubuta maka "ƙamshi", "ɗanɗano" da "ɓaure" a kan samfurin, ka duba da idonka. Salon Noto na Google yana ɗauke da su.

Game da yayi, hotunan ƙirƙirarriyar basira sun cika ko'ina, fuskoki sumul, duk kamarsu ɗaya. Hoton kaskon turare na gaske a kan tabarma da hasken safiyar Jos, ya fi jawo amana. Wanda ke neman abin da zai bambanta shi yana da dagin Arewa, da shuɗin marinar Ƙofar Mata, da launin duwatsun Shere.

Kafin ka biya kason ƙarshe, ka sa adireshin a PageSpeed Insights na Google mai auna saurin buɗewar shafi, kyauta ne, ka duba sakamakon ɓangaren waya. Ka nemi a mayar da hotuna zuwa tsarin hoto na WebP don su rage nauyi. Sannan ka kashe wayifai, ka buɗe shafin da datarka a cikin kasuwa, ka kuma karɓi kalmomin sirri duka a rubuce. Ƙanwata ta sa an cire bidiyon, an dawo da farashi da maɓallin WhatsApp sama.