Fim ɗin Steve Jobs na 2015: akwatin da aka hana buɗewa

Fim ɗin Steve Jobs, wanda Aaron Sorkin ya rubuta kuma Danny Boyle ya ba da umarni, ya fito a 2015, kuma bai bi hanyar da finafinan tarihin rayuwa suka saba bi ba, wato a fara daga haihuwa a ƙare a makabarta. An kasa shi gida uku, kowanne yana gudana a bayan dandamali, mintoci kaɗan kafin Jobs, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin Apple, ya fito gaban jama'a ya ƙaddamar da sabuwar kwamfuta: Macintosh a 1984, NeXT a 1988, sai iMac a 1998. Michael Fassbender ne ya hau matsayin Jobs, Kate Winslet kuma ta fito a Joanna Hoffman, abokiyar aikinsa da ba ta shakkar gaya masa gaskiya.

Babbar ishara a fim ɗin tana bayyana tun a kashin farko. Macintosh ta ƙi furta gaisuwar da Jobs yake so ta yi wa masu kallo, ga lokaci yana ƙurewa, amma injiniyoyin da suka ƙera ta sun rasa yadda za su buɗe ta, domin an rufe ta ta yadda sai da kayan aiki na musamman, kuma Jobs ne da kansa ya nace a kan haka. Daga nan aka koma baya zuwa gareji, inda Steve Wozniak, abokinsa da suka kafa Apple tare, yake son a bar ramuka takwas a jikin kwamfutar Apple II don mai ita ya ƙara abin da ya ga dama, Jobs kuwa ya ce biyu sun isa. Mai kallon da ya lura zai gane cewa ba na'ura kaɗai ake nufi ba. Jobs, mutumin da aka ba da shi riƙo yana jariri, wanda hirarsa da John Sculley, shugaban Apple a lokacin, ke ta komawa kan wannan tabo, shi ne akwatin da ba ya yarda kowa ya leƙa cikinsa. Shi ne kuma yake musun cewa Lisa, yarinya mai shekara biyar, 'yarsa ce, har yana cewa kashi 28 cikin ɗari na mazan Amurka za su iya zama ubanta, alhali ya riga ya sa wa wata kwamfuta sunanta, yana iƙirarin wai taƙaitattun haruffa ne kawai.

Abin da ya fi burge ni shi ne isharar da ba a faɗa da baki ba. An ɗauki kashin 1984 da fim mai milimita 16, hotonsa dushi-dushi kamar tsohon kaset, na 1988 da mai milimita 35, na 1998 kuma da kyamarar dijital, inda ake ganin komai tarwai har furfura. Za a iya cewa ci gaban fasaha ake nunawa, amma a lokacin da hoton ya washe ne Jobs ya fara ganin 'yarsa yadda take. Kiɗan Daniel Pemberton ma yana sauyawa daga kashi zuwa kashi.

Fim ɗin ya kuma ja kunnen masu tonon ma'ana irina. A kashi na uku wani ɗan jarida ya ga hoton Alan Turing, masanin lissafin Ingila da ya rasu a 1954 aka sami gutsurarriyar tuffa kusa da gadonsa, ya tambaya ko daga nan tambarin Apple ya samo asali. Jobs ya ce a'a, amma da labarin ya yi daɗi. Rob Janoff, wanda ya zana tambarin a 1977, ya sha bayyana cewa an yi gutsuren ne don kada a ɗauki tuffar a matsayin wani ƙaramin ɗan itace.

Rauninsa yana ƙarshe. Bayan an shafe kusan sa'o'i biyu ana gina mutum mai taurin kai, sai ga shi a saman bene ya dubi na'urar kaset da Lisa ke ratayawa, ya yi mata alkawarin sa mata waƙoƙi a aljihu, wato iPod da za ta fito a 2001. Wannan ishara an tauna ta an sa wa mai kallo a baki, kuma sulhun ya zo da sauƙin da labarin bai biya kuɗinsa ba.

Wanda yake neman tarihi tsantsa gara ya karanta littafin Walter Isaacson na 2011, domin yawancin rigingimun bayan dandamalin nan Sorkin ne ya tattaro su ya jera a waɗannan ranaku uku. A matsayin wasan kwaikwayo kuwa ya cancanci kallo sau biyu, kuma ina ba da shawarar a kunna rubutun ƙasa, saboda 'yan wasan suna magana da sauri, suna katse juna, maganar da ta fi nauyi kuma sau da yawa a cikin wannan hayaniyar take wucewa.