Daren da dillalin hannun jari ya ba ni haƙuri a Amurka

Ƙarfe biyu na dare na dawo daga aiki, na buɗe manhajar kamfanin da nake sayen hannun jari, sai na ga dala 300 da na tura ba su shiga ba. Gabana ya faɗi. Na buga lambarsu ban ma sa ran za a ɗauka ba, sai ga muryar wata mata. Ta duba, ta ce ni na yi kuskure wajen rubuta lambar asusun bankina. Ba ta kashe waya ba sai da na gyara, sannan ta ba ni haƙuri kan tashin hankalin da na shiga. Laifi nawa, haƙuri daga gare ta! Na zauna a bakin gado ina tuna takardun hannun jarin marigayi Baba da ke ƙasan akwati, da shekarun da Yaya ya kwashe yana zarya kan ribar da har yau ba mu gani ba.

'Yan uwa, ba kirki ne zalla ba, lissafi ne. A 1975 aka soke ƙayyadaddiyar la'adar dillalai a nan, Charles Schwab ya gina kamfaninsa kan sauƙaƙa ta. Da wani sabon kamfanin dillalai mai suna Robinhood ya zo yana jan matasa da ciniki kyauta, shugabannin Schwab ba su tsaya ƙorafi ba. A Oktoban 2019 suka mayar da la'adarsu ta dala 4.95 sifili, cikin kwanaki abokan hamayyarsu, kamfanonin TD Ameritrade da E*Trade, suka bi sahu dole. Bayan 'yan makonni Schwab ya sanar da sayen TD Ameritrade ɗin kan kusan dala biliyan 26. Sun yafe kuɗin shiga ne don ka shigo da dukiyarka ka zauna.

Nan kuma raina ke ɓaci. Babban ɓangaren abin da irin waɗannan kamfanoni ke samu daga kuɗin ruwa yake fitowa, wato ruwan da suke samu a kan kuɗinka da ke kwance ba ka sayi komai ba, da bashin da suke ba masu ciniki. Nawa kamfanin ba ya gajiya da aiko min saƙo in ci bashi in ƙara jari. Duk wata sai na ga 'yan sulallan ruwa sun faɗo asusuna, in zauna in ware su in fitar. Ba wanda zan yi wa bayani ya gane damuwata. A irin lokacin nake kewar gida.

Amma mu ma mu faɗa wa kanmu gaskiya. Mai kasuwanci a wurinmu tun daga bakin ƙofa yake tatsar mutum: kuɗin fom, kuɗin tambari, sannan "oga ba ya nan, dawo gobe". Ya ci na yau, ya kori na shekara goma.

Yaya, don Allah ka ɗauko takardun nan ka turo min hotonsu. Zan sake gwadawa daga nan.