Na biya kuɗin mamba, ashe dokina bai biya nasa ba

Da a watan Yuni aka ce in rubuta wannan sharhi a kan ƙungiyar masu doki da na shiga, da tauraro biyar zan bayar in ɗora da addu'a. Yanzu muna Fabrairu, an ci walimar ƙarshen shekara an watse, kuma har yau idan na tuna sai raina ya sosu. Ba zan kama sunan ƙungiyar ba, ba zan ma faɗi jihar ba. Irin ƙananan ƙungiyoyin masu dokin kwata ce da ake samu a yankuna da yawa na Amurka, masu shirya gasa a ƙarƙashin dokokin babbar ƙungiyar dokin kwata ta Amurka, AQHA, da ke Amarillo a jihar Texas.

Dokina bikili ne, dandaƙaƙƙe, shekararsa tara, da takardunsa cif. A gidan da ake da turke na tashi, saboda haka na ɗauka na san doki. Ashe da sauran karatu. A gida doki ake so ya ɗaga wuya ya yi rawa jama'a su yi shewa. Dokin kwata kuwa, wanda sunansa ma daga tseren kwatan mil ya samo asali, gajere ne mai ƙaton ƙugu, kuma a ajin da nake shiga, wato hawan aikin garke, ana so ya tafi a natse kamar wanda ya fita neman ɓataccen maraƙi. Ba a yi masa kitson geza, ba a shafa wa kofato mai, azurfa a jikin sirdi ba ta ƙara maka komai. Alƙali yana farawa da maki 70, sai ya ƙara ko ya rage a kan kowane motsi: tafiya, sassarfa, ƙetare gungumen itace, juyi, tsayawa, ja da baya.

Gaskiya mutanen sun karɓe ni hannu bibbiyu. A gasata ta farko a watan Afrilu na isa filin da asuba, na sauke doki daga tirela, sai a tebur aka ce in kawo takardar gwajin jini ta Coggins. Na bar ta a gida, tafiyar awa uku. Matar da ke tebur ba ta ɗaga murya ba, ta ce in kira likitan dabbobina ya turo hotonta ta waya, ta riƙe mini lambata har ta iso. Wata dattijuwa da ba ta taɓa ganina ba ta hango yadda nake riƙe linzami da hannu biyu, ta matso ta ce, "Ɗana, da wannan linzamin hannu ɗaya ake riƙewa, in ba haka ba kafin ka kai tsakiyar fili sun soke ka." Ta tsaya da ni wajen rabin awa a filin ɗumama jiki. Ranar na zo na biyu a wajen alƙalai uku cikin huɗu. Ina tuƙi zuwa gida ina ta murmushi ni kaɗai kamar wanda aka yi wa albishir da kujerar Makka.

To, ga inda gizo yake saƙar. Maki iri biyu ne. Akwai na AQHA, wanda ya danganta da yawan dawakin da suka shiga aji: in ku uku ne ko huɗu, na ɗaya rabin maki yake samu, sai an kai biyar sannan ya samu ɗaya cikakke. Wannan yana tafiya kai tsaye Amarillo, babu ruwan kowa. Akwai kuma makin ƙungiyar yanki, wanda ake tarawa duk shekara a raba kyauta a ƙarshe: sirdi ga gwarzon shekara, kan bel na azurfa mai rubutun suna ga na ɗaya da na biyu a kowane aji, riga mai tambari har zuwa na biyar. Don wannan kan bel ɗin na biya kuɗin mamba, ba don rangwamen ɗakin doki ba, wanda bai taka kara ya karya ba.

Na biya tun Janairu ta intanet. Fom shafi ɗaya ne: suna, adireshi, lambar katin AQHA, sai wani gurbi da aka rubuta sunan doki. Na cike, rasit ya zo ta imel, har da "barka da shigowa cikin iyali". Na yi gasar Afrilu, na yi ta Mayu, kuma waɗannan biyun su ne mafi kyawun hawan da na yi duk shekarar, don doki yana kan ganiyarsa, zafi bai shigo ba. Sai a Yuli, muna zaune a bakin barga ana shan lemo, wani ya tambaye ni ko na yi wa dokina rajistar kyautar shekara. Na ce ai na rubuta sunansa a fom. Ya girgiza kai. Ashe wani fom ne daban, da kuɗinsa daban, kuma ba ya shafin da ake biyan kuɗin mamba, yana can ƙasan wani shafi na dokoki.

Nan take na tashi na je tebur na biya. Na tambayi wadda ke wurin, ba ta Afrilu ba, wata ce daban, ko makina na baya zai shiga. Ta ce, "Kada ka damu, sabon mamba ne kai, za mu duba." Ni kuma na ɗauki wannan magana na sa a aljihu kamar takardar shaida. Laifina ke nan, na yarda, da na ce ta rubuta mini. Amma a Satumba da suka sa jerin maki a shafinsu na Facebook, ga sunana nan na biyu, da makin Afrilu da Mayu duk a ciki. Na ɗauki hotonsa na tura wa 'yan'uwa a gida. Wana har ya fara kirana Sarkin Dawaki.

Saboda wannan jerin ne na je gasar Oktoba, alhali na so in huta in kai iyali Columbus a Ohio mu kalli babban taron dokin kwata da ake yi can a Oktoba, wanda aka fara tun 1967. Saboda shi kuma na cika awannin aikin sa-kai da suka wajabta wa duk mai neman kyauta. Awa takwas na yi a watan Agusta ina buɗe ƙofar fili ina rufewa, ƙura har cikin kunne, ina kiran lambobi da muryar da ta dishe tun azahar.

Jerin ƙarshe ya fito a Disamba. Na shida. Ba na biyar ba ma, da ko riga na samu. Na rubuta imel cikin ladabi. Kwana goma sha ɗaya shiru. Na sake rubutawa, sai amsa ta zo layi biyu: maki yana fara ƙirguwa ne daga ranar da aka karɓi rajistar doki, jerin Satumba kuma "na wucin gadi" ne. Na tura musu hoton jerin, babu inda aka rubuta wucin gadi a jikinsa. Na ambaci abin da aka faɗa mini a tebur. Aka ce ba a san wadda ta faɗa ba, kuma ko ta faɗa ba ta da hurumi. Ban ce dokar ba ta da ma'ana ba, na san an yi ta ne don kada mutum ya jira sai ya ga yana kan gaba sannan ya biya. Amma me sunan doki yake yi a fom ɗin farko? Har yau babu wanda ya amsa mini wannan.

Duk da haka na je walimar, don na riga na sayi tikiti uku. Abinci naman alade ne, har waken ma an zuba masa, muka ƙare da burodi da ganye ni da maiɗakina da 'yarmu. Wannan ban riƙe su da shi ba, ban faɗa musu tun farko ba. Da aka zo ajina aka kira na biyar har zuwa na ɗaya, yarinyar ta jawo hannun rigata ta ce, "Baba, sun manta da kai." Ban san me zan ce mata ba, sai na ce ta ci burodinta.

Wanda aka ba kan bel na biyu, wani tsoho mai kiwon shanu, ya zo teburinmu da abin a hannu. Ya ce ya san lissafin, a fili na fi shi, kuma zai tayar da maganar fom ɗin a taron mambobi. Dattijuwar nan ta Afrilu ma ta ce ita kanta an taɓa yi mata haka shekarun baya. Wannan ya sanyaya mini rai na minti biyar, daga nan ya ƙara ɓata shi: ke nan an daɗe da sanin ramin, aka bar shi a buɗe sababbi suna faɗawa.

Tauraro uku nake bayarwa, biyu daga ciki na dattijuwar ne da tsohon. Fili mai kyau ne, ana fara gasa a kan lokaci, alƙalai ba su taɓa yi mini wani kallo daban ba. Na sabunta rajistata a makon jiya, don babu wata ƙungiyar kusa da ni, kuma dokin bai yi laifin da za a zaunar da shi ba. Na cike fom ɗin biyu rana ɗaya, na buga rasit ɗin a takarda na liƙa a cikin ƙofar tirela kusa da ta Coggins. Na leƙa shafinsu jiya da dare, fom ɗin mamba yana nan yadda yake, da gurbin sunan doki a ƙasa.