Kamfanin da ya shirya mini tafiya karatu Ingila: gwanaye ne a takarda, amma kada ka sayi masauki a wurinsu

A 2024 na tafi Bradford yin digiri na biyu, kuma wani kamfani a Abuja ne ya riƙe mini shirin tun daga neman makaranta har zuwa ɗakin da na fara kwana. Ba zan faɗi sunansa ba, domin irinsa sun yi yawa a Abuja da Kano da Kaduna, kuma kusan kaya ɗaya suke sayarwa: su samo maka gurbi, su cike maka takardun biza, su nema maka masauki, su tura a ɗauko ka a filin jirgi. Ni duka na saya a dunƙule, a kan kuɗin da ya kusa albashina na wata biyu. Yanzu da na gama kwas ɗin, ina ganin rabin kuɗin nan ya yi aiki, rabin kuwa sadaka na yi.

Neman gurbin ba shi da wani abin a zo a gani. Sun tura takarduna makarantu, amsa ta zo. Abin da ya kamata mutum ya sani shi ne jami'o'in Ingila da yawa suna biyan ejan kamasho a kan kowane ɗalibin da ya kawo, don haka idan ya matsa maka a kan makarantu uku ko huɗu, ba lallai ne su ne suka fi dacewa da kai ba. Abu ɗaya da suka yi mini a nan wanda na ji daɗinsa: sun gaya mini jami'o'i da dama suna karɓar sakamakon Turanci na WAEC idan ya kai C6, sai ban kashe kuɗi a jarrabawar IELTS ba.

Inda suka ci kuɗinsu da guminsu shi ne wajen biza. Akwai wata baiwar Allah a ofishin, kowa Hajiya yake ce mata, ita ke duba takardu. Ranar da na kai mata bayanin asusuna na banki ta sa biro tana bin sa layi-layi, ta tsaya a wani wuri ta ɗago kai ta ce, "Malam, wannan kuɗin da ya shigo, daga wa ya fito?" Na ce gonar gado muka sayar. Ta ce, "To ka kawo mini takardar cinikin, ka ajiye ta kusa." Ita ta zaunar da ni ta yi mini lissafin. Ɗalibin da zai zauna a wani gari ba Landan ba a lokacin sai ya nuna fam 1,023 na kowane wata har wata 9, wato fam 9,207, ban da ragowar kuɗin makarantar da ke rubuce a takardar CAS, wato shaidar da makaranta ke bayarwa cewa ta ɗauke ka. Kuɗin nan dole su kwana 28 a jere a cikin asusu, ba su yi ƙasa da adadin ba ko da na yini ɗaya, kuma kada ranar ƙarshe ta bayanin bankin ta wuce kwana 31 kafin ranar da ka shigar da buƙatar biza.

Wannan duk yana shafin gwamnatin Birtaniya, kowa zai iya karantawa. Abin da ba kowa zai kawo a ransa ba shi ne maganar canji. Kuɗina a naira suke, jami'an biza kuma da farashin ranar da ka shigar da buƙata suke lissafi, a lokacin fam ɗaya yana kai-kawo a wajen naira 2,000, yau sama gobe ƙasa. Hajiya ta ce in ɗora wani abu mai kauri a kan adadin, don kada naira ta zame cikin kwanakin nan kuɗin su kasa. Shawarar nan kaɗai ta isa a biya mutum. A wannan shekarar ce ma aka yi ta labarin ɗaliban Najeriya a wata jami'ar Ingila da faɗuwar naira ta hana su cika kuɗin makaranta har aka ce su bar ƙasar.

Haka ta jera mini sauran. Gwajin tarin fuka sai a asibitin da Birtaniya ta amince da shi. Ni a na hukumar ƙaura ta duniya, IOM, da ke Abuja na yi. Takardar wata 6 take aiki, amma ta ce kada in bari sai a ƙurarren lokaci, domin idan hoton ƙirji ya nuna wani abu aka ce sai an gwada majina, sakamakon zai iya ɗaukar mako 8, kafin nan an fara karatu. Kuɗin biza a lokacin fam 490. Kuɗin lafiya, wato na amfani da asibitocin gwamnati a can, fam 776 a shekara ga ɗalibi, amma da yake bizar kwas mai wata 12 tana zuwa da ƙarin wata 4, na shekara ɗaya da rabi ake biya, fam 1,164. Da yawa suna tanadin na shekara ɗaya, sai a gaban kwamfuta su ga adadin ya canza. An ƙara wasu daga cikin kuɗaɗen nan a 2025, biza ta koma fam 524, don haka mai shirin tafiya ya duba na ranar da zai nema.

Na kuma yaba musu a kan maganar iyali. Tun zaman farko suka gaya mini cewa daga Janairun 2024 mai digiri na biyu irin na zaman aji ba ya tafiya da mata da yara, sai mai digirin bincike ko wanda gwamnati ta ɗauki nauyinsa. Ba su yi mini romon baka ba. Abin da ban ji daɗinsa ba shi ne wani yaro a ofishin da ya bi ni har bakin mota yana cewa idan kuɗina ba su cika ba akwai masu zuba wa mutum a asusu na wata ɗaya, a biya su wani kaso. Ban da ruwan da ke ciki, wanda ya nuna kuɗin aro ya sauka Ingila da me zai ci abinci?

Daga ranar da biza ta fito, sai aikin ya canza fuska. Saƙon da a da ake amsawa nan take ya koma sai an kwana. Wanda suka ce shi ne wakilinsu a Ingila ashe ɗalibi ne kamar ni, yana haɗa wannan da karatunsa da aikin dare. Ya zo filin jirgin Manchester ya ɗauke ni, ban raina masa ba, mutumin kirki ne. Amma ɗakin da ya kai ni ba shi ne na cikin hoton ba. Ɗaki ne a saman wani tsohon gida, bango yana tsattsafo a bayan gado, baƙin danshi ya bi kusurwar taga, hita kuma sai mai kula da gidan ya ga dama yake kunnawa. Mafi muni, babu takardar haya da sunana. Wani ɗalibin ne ya kama gidan yake sake bayar da ɗakuna, ni kuma na riga na tura kuɗin wata biyu da na ajiya tun ina gida.

Sai a ofishin taimakon ɗalibai na makaranta, wanda ba a biyan ko sisi, na san yadda haya take a Ingila. Tun dokar 2019 kuɗin ajiya ba ya wuce hayar mako 5, kuma a haya ta ƙa'ida mai gida sai ya kai shi ɗaya daga cikin asusun da gwamnati ta amince da su cikin kwana 30. Mai gida na gaskiya zai nemi ganin izinin zamanka kafin ya ba ka maɓalli. Ɗalibi mai cikakken karatu ba ya biyan harajin ƙaramar hukuma, takarda kawai zai karɓo daga makaranta. Ko ɗaya daga cikin waɗannan kamfanin bai faɗa mini ba, kuma ban zaci ɓoyewa suka yi ba. Ba su sani ba ne. Yawancin ma'aikatan ba su taɓa yin hunturu ɗaya a ƙasar da suke tura mutane ba.

Akwai takarda mai shafi biyu da suka ba ni, wai jagorar sabon zuwa. A ciki an ce in tafi da abincin gida, har da kilishi. Nama da madara da abin da aka yi da su haramun ne matafiyi daga Najeriya ya shiga da su Birtaniya, don haka kilishi da dambun nama da man shanu a filin jirgi za su ƙare. Allah ya sa wani aboki ya ja kunnena, na cika jaka da kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa da yaji. An rubuta cewa ɗalibi zai iya aikin sa'a 20 a mako lokacin karatu, gaskiya ne, amma ba a rubuta cewa bizar ɗalibi ta hana aikin cin gashin kai ba, wato aikin da ba a ƙarƙashin wani ubangida kake ba, kuma da yawan aikin kai abinci a keke da sababbin zuwa ke rububi a wannan rukunin yake. Babu maganar yin rajista da likitan unguwa, babu ta lambar inshorar ƙasa, wadda mai aiki ke buƙata don haraji, da ake nema kyauta a intanet. Balle a gaya maka cewa a watan Disamba ana kiran magariba a Bradford kafin ƙarfe 4, azahar da la'asar da magariba duk su same ka a makaranta. Wannan kam da sauƙi, garin cike yake da masallatai da mahautan halal, kuma da an tambayi limamin kowane masallaci ɗaki, da ya samo wanda ya fi nawa.

Na rubuta musu ƙorafi a kan ɗakin. Hajiya ce ta kira, ta ba ni haƙuri sosai, ta ce ɓangaren masauki ba a hannunta yake ba. An mayar mini da kuɗin ajiya bayan dogon ja-in-ja, na hayar kuwa an ce na riga na kwana a ciki.

Da ƙanin matata ya tashi nasa shirin, wurinsu na tura shi, amma na ce ya tsaya kai da fata a kan a raba masa farashi. Idan ka dage suna rabawa. Ya biya na duba takardu da atisayen ganawar da makaranta ke yi kafin ta ba da CAS, jirgi ya saya da kansa, masauki kuma ya kama ɗakin makaranta na zangon farko, ya nemi na cikin gari bayan ya je ya gani da idonsa.